Sauri Ya Haifi Nawa: Dokokin Tseren Motoci Da Makomar Ralin Argungu

A watan Disamba na 2024, hukumar da ke kula da wasannin motoci ta duniya, wato FIA, ta yi taronta a birnin Kigali na ƙasar Ruwanda, inda ta amince da sababbin dokoki game da irin motocin da za su riƙa fafatawa a babban rukunin gasar rali ta duniya daga shekarar 2027. Jigon dokokin shi ne, kada kuɗin mota ɗaya ya wuce Yuro 345,000, wato ƙasa da rabin kuɗin motocin da ake kira Rally1 waɗanda aka fara amfani da su a 2022. An kuma rage ƙarfin inji zuwa wajen ƙarfin doki 290, alhali kuwa motocin 2022 sun haura 500.

Na san wani zai ce, ina ruwan ɗalibin da ke karatu a Aliero, ko malamin ofis da ke Jega, ko manomin Giwa Tazo a ƙasar Maiyama, da rigimar Turawa a kan motocin da ko tayarsu ɗaya ta fi ƙarfin albashinsa? Amsa ita ce akwai ruwanmu, ta fuska biyu. Ta farko, mu ma muna da namu tseren, domin tun cikin shekarun 1970 tseren motoci yake cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Argungu. Ta biyu kuwa, samarinmu sun riga sun fara tsere da motoci da babura a kan titunan gari, musamman ranar ɗaurin aure da kai amarya, ba doka ba alƙali, kuma ana asarar rayuka. Saboda haka tambayar da ta dami FIA ta shafe mu: wace irin doka ce za ta sa jama'a su zo kallo, su kuma koma gida lafiya?

Yadda Wasan Yake

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da rali, don ya bambanta da tseren da ake yi a cikin kewayayyen fili. A rali ba a jera motoci a sake su gaba ɗaya kamar sukuwar dawaki. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar 'yan mintoci a tsakani, a kan wani yanki na hanya da aka rufe, wanda yana iya zama kwalta, ko burji, ko laka, ko ƙanƙara. Kowace mota tana ɗauke da mutum biyu, direba da mai karanta masa hanya daga rubutattun bayanai. Idan aka gama yanki ɗaya, sai mota ta bi hanyar jama'a zuwa na gaba, tana kiyaye dokokin hanya kamar kowa. A ƙarshen kwana uku ko huɗu sai a haɗa lokacin kowa, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. An fara gasar duniya ta wannan wasa a 1973.

Darasin 1986

Duk mai son ya fahimci rigimar yau, sai ya koma 1982, lokacin da aka buɗe abin da ake kira Rukunin B. Dokar wannan rukuni ta yi sassauci ƙwarai: kamfani ya ƙera motoci 200 kacal na samfurin da yake so, shi ke nan ya sami izinin shiga da shi. Nan da nan kamfanoni suka shiga rige-rige. Audi ta fito da Quattro mai jan ƙafa huɗu, Peugeot da muke kira Fijo ta fito da 205 T16, Lancia ta fito da Delta S4. Cikin shekara huɗu ƙarfin injinan ya ninka, jikin motocin kuma ya yi sauƙi kamar gwangwani. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo, har ta kai a wasu ƙasashe mutane kan tsaya a tsakiyar hanya, sai mota ta zo daf su dare.

Ƙarshen abin bai yi kyau ba. A watan Maris na 1986, a ralin Fotugal, wata Ford RS200 ta ƙwace wa direbanta ta afka cikin 'yan kallo, mutum 3 suka mutu, fiye da 30 suka jikkata, manyan direbobi kuma suka ƙi ci gaba da tseren. Ranar 2 ga Mayu na wannan shekara, a tsibirin Kosika na Faransa, Henri Toivonen da mai karanta masa hanya Sergio Cresto suka faɗa kwazazzabo da Delta S4, motar ta kama da wuta, suka ƙone. Hukuma ta soke Rukunin B daga 1987, ta koma ga Rukunin A, inda sai kamfani ya ƙera motoci 5,000 na sayarwa kafin ya shiga da samfurinsu.

Har yanzu akwai masu begen zamanin Rukunin B, suna cewa tun da aka soke shi wasan ya rasa armashi. Ni ban yarda da su ba. Taron da ke buƙatar gawa kafin ya yi armashi bai cancanci a yi begensa ba. Bugu da ƙari, shekarun da suka biyo baya sun ƙaryata su, domin a zamanin Rukunin A ne Lancia Delta da Toyota Celica da Subaru Impreza da Mitsubishi Lancer suka yi suna a duniya, kuma ɗan kallo yana iya zuwa kanti ya sayi ƙanwar motar da ya ga ta ci tsere.

Inda Tsada Ta Kai Wasan

Bayan haka sai wata cuta ta daban ta kama wasan, wato tsada. Subaru da Suzuki sun fice a ƙarshen 2008, Volkswagen ta fice a ƙarshen 2016 bayan ta ci gasar shekara huɗu a jere, Citroën ta bi su a ƙarshen 2019. A 2022 aka kawo Rally1, mota mai injin fetur da aka haɗa da na lantarki, da fatan sababbin kamfanoni za su shigo. Ba wanda ya shigo. Aka zauna da Toyota da Hyundai da Ford ta hannun kamfanin M-Sport, har a 2024 sau da yawa motocin babban rukuni ba su wuce takwas zuwa goma ba. Daga 2025 aka cire na'urar lantarkin ma gaba ɗaya, saboda tsadar gyaranta.

Wani abin kuma da ya ƙara ɓata wa masu kallo rai shi ne tsarin maki da aka gwada a 2024. A ralin Swidin na wannan shekara, Esapekka Lappi ne ya zo na ɗaya, amma Elfyn Evans da ya zo na biyu ya fi shi yawan maki. Yaya za ka bayyana wa mutumin da ya yini cikin sanyi yana kallo cewa wanda ya ci bai ci ba? Dole aka gyara tsarin a 2025.

A ganina, saboda haka, matakin da aka ɗauka a Kigali daidai ne, ko da yake an makara. Mutumin da ke tsaye a bakin hanya ba ya iya bambanta mota mai ƙarfin doki 290 da mai 380 da idonsa. Abin da yake gani shi ne ƙura, da yadda direba ya karya kwana, da yawan motocin da suka wuce ta gabansa. Motoci talatin masu ƙarfi ɗaya, waɗanda ba a san wadda za ta ci ba, sun fi masa motoci takwas da aka san gwaninsu tun kafin a tashi. Sabuwar dokar ta kuma ba ƙananan masu ƙera motocin tsere damar shiga, ba sai manyan kamfanoni kaɗai ba. Inda nake da ja da ita wuri ɗaya ne: motar za ta kasance kejin ƙarfe ne da aka lulluɓe da jiki mai kama da na motar kanti, ko ma wanda bai yi kama da kowace ba. Idan aka yi haka, zumuncin da ke tsakanin motar tsere da motar da talaka ke shiga ya yanke.

Abin Da Afirka Ta Riga Ta Sani

Muhimmancin wannan zumunci mu ne shaidunsa. An fara ralin Safari na Gabashin Afirka a 1953, kuma a zamaninsa na farko tafiya ce ta kusan kilomita 5,000 a cikin laka da duwatsu. A 1963 motoci 7 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma Peugeot 404 ce ta zo ta ɗaya. Ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968, sa'an nan 504 ta ci a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Direban tasha da ke lodi daga Jega zuwa Sakkwato, in ya ji 504 ta ci Safari, ya san motar da ake magana a kai, domin irinta ce yake sitiyari da ita kullum. Haka kuma 'yan ƙasa sun yi fice a wannan tsere: Joginder Singh na Kenya ya ci sau 3, Shekhar Mehta ya ci sau 5. A Kodebuwa kuwa, ralin Bandama na 1972 ya yi tsanani har ba motar da ta kai ƙarshe. Safari ta fita daga gasar duniya bayan 2002, ba ta dawo ba sai 2021.

Akwai kuma darasi mai ɗaci daga maƙwabtanmu. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen Disamba na 1978, ya sha ratsa Jamhuriyar Nijar ta Agadas da Yamai. Da aka kori Peugeot 205 T16 daga gasar duniya, sai aka kawo ta Sahara, ta ci Dakar a 1987 da 1988. Wato motar da aka ce ta yi haɗari ga ƙauyukan Turai, ita aka sako ta ratsa ƙauyukanmu. An yi ta kaɗe mutane a hanya, har a 2006 yara biyu suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. A 2008 aka soke tseren saboda matsalar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga nan ya koma Saudiyya a 2020, ya tafi da sunan Dakar ya bar mu da ƙura. Wasan da ba na masu ƙasa ba ne, ranar da ya ga dama sai ya naɗe tabarmarsa.

Dokar Matan Fada

Idan kuwa ana neman misalin doka da ta raya wasa, ba sai mun je Turai ba. Bikin Argungu ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Me ke jawo dubban mutane zuwa bakin Matan Fada? Doka ce. Ba a kamun kifi a wannan wuri sai ranar gasa, kuma kowa da homa da gora zai shiga ruwa, cikin ɗan lokaci ƙayyadadde, wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ya ci. Da za a bar mai kuɗi ya zo da jirgi mai inji da ƙaton taru, da ya kwashe giwan ruwan da ke ciki cikin minti goma, amma da ba mai sake zuwa kallo. Ƙayyade kayan aiki shi ya ba talakan masunci damar yin takara, shi kuma ya sa ɗan kallo ya gane hukunci da idonsa. Abin da FIA ta gano a 2024 bayan an kashe miliyoyi, Kabawa sun daɗe da saninsa.

Da aka dawo da bikin a watan Maris na 2020, bayan ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta shirya ralin Argungu don nuna motocin da aka harhaɗa a Nijeriya. Shugabanta a lokacin shi ne Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya yi karatu a Birnin Kebbi, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Wannan tunani ne mai kyau, ya kuma cancanci yabo. Sai dai baje koli daban, gasa daban. Ayarin sababbin motoci yakan burge mutane na ɗan lokaci, amma abin da ke sa a dawo baɗi shi ne a ce ɗan garinmu ya zo na biyu bana, muna so mu ga ko zai ci.

Shawarwarina

Ga abin da nake ganin ya kamata Gwamnatin Jihar Kebbi da Masarautar Argungu da Masarautar Gwandu su duba. Da farko, a rubuta dokokin ralin da Hausa da Turanci, a buga su wata shida kafin biki, kada kuma a sake su sai bayan shekara biyar, don makaniken da ya kashe kuɗinsa ya gyara mota ya san za ta yi masa amfani baɗi. A kasa motoci rukuni-rukuni: na waɗanda aka harhaɗa a Nijeriya, na ƙananan motocin da ke cike tashoshinmu irin su Golf da Corolla, na a-kori-kura, da na babura. A hana taɓa inji fiye da gyaran yau da kullum, amma a wajabta kejin ƙarfe a cikin mota, da bel, da hular kwano, da abin kashe gobara. Kuɗin da direba zai kashe ya tafi wajen kare ransa.

Na biyu, kada a yi tsere a kan babbar hanyar da ta taso daga Koko ta bi ta Maiyama da Jega da Aliero zuwa Sakkwato. Wannan hanya ta matafiya ce da manyan motoci masu ɗauke da albasa da shinkafa, kuma lokacin bikin yakan zo daidai da kakar albasa. A zaɓi hanyoyin burji na karkara, kilomita goma zuwa goma sha biyar kowace, a rufe su na 'yan sa'o'i. Kafin a zaɓa a zauna da hakimai da dagatai da ardo-ardo, a kauce wa ranar kasuwa da burtali da gonakin fadama, a kuma yi shela mako biyu kafin ranar. Idan hanya ta bi ta kusa da Giwa Tazo, to mutanen Giwa Tazo su ne za su fara sanin ranar, su ne za su sayar da abinci da ruwa, kuma idan aka taka wa wani shuka ko dabba a biya shi kafin rana ta faɗi.

Na uku, a keɓe wuraren kallo a kan tudu, a bayan igiya, nesa da bayan kwana inda mota kan zame. Idan mutane suka ƙetare igiya, a tsayar da tseren har sai sun koma. Mun san Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, amma ba ma fatan mu ƙara wa masu ɗori aiki. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, nan ne mu ɗalibai muka shigo. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, suna da ɗaliban injiniya da za su iya duba lafiyar motoci tare da tsofaffin makanikai, su riƙe agogo, su tsare igiya. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega su tsaya da motocin asibiti. Jami'an kiyaye haɗura su tabbatar kowane direba yana da lasin. Sakamako kuma a riƙa faɗinsa da Hausa ta rediyo da lasifika bayan kowane yanki, ba tare da lissafi mai ruɗarwa ba: wane ya yi minti kaza, wane ya yi minti kaza.

Masu Suka

Na san akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne, a jihar da makarantu da asibitoci ke neman kuɗi, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Maganarsu tana da nauyi, kuma ita ce ma ta sa na dage a kan doka mai arha. Gasar da direba zai shiga da motarsa, kamfanonin mai da taya da na sadarwa su ɗauki nauyin kyaututtuka, ba za ta ci wa baitulmali abin da ayarin manyan baƙi ke ci ba. Akwai kuma masu tsoron matsalar tsaro, su ma da gaskiyarsu. Abin da ya kori Dakar daga Afirka ke nan. Amsar ita ce a taƙaita tseren a wuraren da jami'an tsaro da masu ƙasa suka tabbatar da lafiyarsu, da rana tsaka, in kuwa babu tabbas a ɗage.

Suka ta uku ita ce za a ƙara koya wa samari ganganci. Samarin nan ba su jira mu ba. Suna yi a bakin kasuwa da ƙofar makaranta, cikin yara da tsofaffi, kuma kame da tara ba su hana ba. Mun ga yadda dambe da kokawa suka sami fili da alƙali da ƙa'ida, har suka zama sana'a. Saurayin da ya san za a hana shi shiga ralin Argungu shekara biyu idan aka kama shi yana wasa da mota a titi, yana da abin da zai yi asara, kuma wannan ya fi bulala tasiri.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Turai ta biya kuɗin darasinta da rayuka a 1986, ta sake biya da ficewar kamfanoni daga 2008 zuwa 2019. Mu da muke shirin farawa ba mu da hujjar maimaita ko ɗaya daga ciki. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta kafa kwamiti na ɗaliban injiniya da na shari'a, su rubuta daftarin waɗannan dokoki, a miƙa shi ga kwamitin shirya bikin Argungu kafin biki mai zuwa. Ku kuma matasan ma'aikata da ke ma'aikatun wasanni da yawon buɗe ido da ayyuka, idan takardar ta zo teburinku, kada ku bari ta kwana a cikin fayil. Allah Ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, Ya sa mu dace, amin.